Adakar Malam Hamma

Ghana
6 ga Yuni

Zuwa ga Baffana, Malam Ridwan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kana lafiya, da iyali da ɗalibai. Yaya ƙafar? Shamsu mai shagon buga takardu ya ce mini kunnen ya ƙara nauyi, yanzu ko an kanga maka waya ba ka jin komai. Shi ya sa na koma rubutu. Zan riƙa turo masa, ya buga a shagonsa na Kwanar Dangora ya kawo maka. Kai kuma ka ba ni amsa da ajaminka, ban manta karatun da ka koya mini a zaure lokacin hutun makaranta ba. Ni lafiya lau nake, sai kewar gida. An yi shuka a wajenku?

Baffa, albishir nake tafe da shi. A watan Oktoba jami'ar da nake koyarwa za ta yi babban taro na mako guda don girmama ilimin Afirka da al'adunta. Malamai za su zo daga Mali da Sanagal da Sudan da Habasha, kowa da abin da kakanninsa suka rubuta. Da ake shirin, na miƙe na ba su labarin mahaifinka, Malam Hamma, da littattafansa. Na gaya musu babana marigayi ɗan ƙanensa ne, kuma har ya rasu yana cewa bai taɓa ganin mai kyan rubutu kamarsa ba. Na faɗa musu akwai wanda ya wallafa da kansa, tarihin Unguwar Hamma da gidajenta kafin ruwan dam ɗin Tiga ya shanye ta. Nan take aka amince a ware zaure guda da sunansa.

Don haka a ƙarshen Agusta zan zo da abokan aikina biyu mu ɗauki littattafan duka. Ba za mu bar ko falle ɗaya ba. Bayan taro za a ajiye su a ɗakin karatu na jami'a, inda ɗalibi daga kowace ƙasa zai iya gani har abada. Na san za ka yi murna.

A gaida mutanen gida, da Gwaggo Kulsumu idan an samu mai zuwa Doguwa.

'Yarka,
Amatullah

*

Sabuwar Unguwar Hamma, Bebeji
Zulhajji

Daga Ridwan ɗan Malam Hamma zuwa ga Amatullah 'yar Sulaiman. Aminci ya tabbata gare ki. Muna lafiya, an yi Sallah lafiya. Ƙafa da sauƙi. Shuka ta yi kyau.

Bayan haka, takardarki ta same ni, na karanta ta na kuma maimaita. Littattafan da kike magana ba sa gidan nan. Sun fita daga hannuna. Kada ki wahalar da baƙinki.

Wassalam.

*

Ghana
11 ga Yuli

Baffa,

Assalamu alaikum. Na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Ni ma lafiya, sai dai tun da amsarka ta iso ban sami natsuwa ba.

Kusan wata guda ina jira, sai ga layi huɗu. A ofis na buɗe, sai da na nemi kujera na zauna. Sun fita daga hannunka? Zuwa hannun wa? Bara da na zo da idona na gan su, gafaka a kan gafaka, da adakar nan ta ƙarfe a ƙarƙashin gadonka. Gobara aka yi? Sata aka yi? Na tambayi Shamsu ya ce bai ji an yi ko ɗaya ba, amma ya ga mota a ƙofar gidanka bayan Sallah ana loda kaya.

Ka gafarce ni da abin da zan faɗa. Na san akwai masu bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin littattafai su fitar da su ƙasashen waje. Idan wata buƙata ce ta taso, me ya hana a gaya mini? Ni ba 'yarka ba ce? Baffa, sayar da su ka yi? Idan haka ne, don Allah ka ba ni sunan mutumin, ko lambar motarsa, ko garin da ya ce ya fito. Zan bi shi duk inda yake.

An riga an buga sunan Malam Hamma a takardun taro. Amma ba wannan ne ya dame ni ba. Rubutun kakanmu ne.

'Yarka,
Amatullah

*

Sabuwar Unguwar Hamma
Muharram

Zuwa ga Amatullah. Aminci gare ki. Lafiya muke, sai jinina da ya ɗan hau a kwanakin nan.

Da na kai inda kika ce "sayar da su ka yi?" sai na ajiye takardar na fita gona. Ban ɗauke ta ba sai washegari. Ni, Amatu? Ni da na riƙe hannunki kika rubuta alif na farko? A shekaruna ban zaci zan ga wannan kalma an jingina ta da ni ba, balle daga gidan Sulaiman.

Tunda kin tambaya, saurara. Ba a haife ki ba lokacin da aka gina dam. Ni ina saurayi. Mutane suka zo da manyan motoci da magana mai daɗi, suka ce za a ɗauke mu a kai mu wuri mafi kyau, alherin na kowa da kowa ne. Ban ce ƙarya suka yi duka ba, yau da ruwan nan nake noman albasa da rani. Amma kabarin kakata yana ƙarƙashinsa, masunta na wucewa ta kai a kwalekwale. Masallacin da aka raɗa mini suna ma haka.

Ranar tashi, Malam ya ƙi yarda a sa littattafansa a mota. Ya bar rumbu cike da dawa, ya ɗaure gafakoki a kan jakuna, adakar kuma ni na ɗauko ta a ka. A ƙasa muka tako, ni da shi, har nan. Da muka iso wuyana ba ya juyawa. Ya zauna a kan adakar ya ce mini, "Ridwanu, ƙasa ta tafi. Wannan kar ya tafi."

Sai ga takardarki. Kin ce za ku zo ku ɗauki duka, ba za ku bar ko falle ɗaya ba, za a ajiye su a wata ƙasa har abada. Kuma ba izini kika nema ba, sanarwa kika yi. Na san idan kika tsaya gabana da baƙi ba zan iya cewa a'a ba, don kunyar mahaifinki. Shi ya sa na riga ki.

Ban sayar ba. Rabawa na yi, amana. Na fiƙihu suna Kiru wajen Malam Nazifi, wanda ya yi karatu a gaban Malam. Na nahawu da lugga suna Tudun Wada wajen limamin unguwar kasuwa. Tafsiri da hisabi na kai Burumburum. Adakar kuwa, wadda ke da rubutun hannun Malam da tarihin garinmu, na kai wa ƙanwata Kulsumu a ƙauyensu na bayan Doguwa, inda mota ba ta shiga da damina. Na gaya miki ne don ki san ni ba maci amana ba ne. Amma kowa na ce masa kada ya ba kowa sai ni.

Allah ya yi miki albarka duk da haka.

Ridwan

*

Ghana
2 ga Agusta

Baffana,

Assalamu alaikum. Allah ya saukar da jinin nan, ya ba ka lafiya. Don Allah ka riƙa shan maganin.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffa, hoto! Hoto nake nufi! Hoton littattafan za mu ɗauka, shafi bayan shafi, a nan cikin zaurenka, kana zaune kana kallo. Kamar dai yadda Shamsu yake ɗaukar hoton wasiƙarka ya turo mini, takardar kuma ya mayar maka da abarka. Hotunan ne za a nuna a taro, su za a ajiye a jami'a. Ko gafaka ɗaya ba za ta ƙetare ƙofar gidanka ba.

Na koma na karanta wasiƙata ta farko. Babu kalmar hoto a ciki ko sau ɗaya. Mu a wurin aiki kullum haka muke faɗa, "mun ɗauki littafi kaza," har na manta wani zai ji daban. Kuma gaskiyarka, ban nemi izini ba. Murna ce ta rufe mini ido. Maganar sayarwa kuwa, ban san inda zan sa fuskata ba. Ka yafe mini don Allah da Annabi.

Yanzu ina neman izinin. Idan ka yarda, ka dawo da su gida kafin ƙarshen wata. Idan ba ka yarda ba, ka dawo da su duk da haka, ni kuma zan zo ni kaɗai in durƙusa in ba ka haƙuri, in gaya wa jami'a a cire sunan.

'Yarka mai neman gafara,
Amatullah

*

Doguwa
Safar

'Yar nan Amatu,

Gaisuwa da fatan alheri daga gwaggonki Kulsumu. Ina fata kina lafiya. Mu rai da lafiya mun gode Allah, ba wanda ya ji ciwo. Na fara da wannan ne don kada gabanki ya faɗi fiye da kima. Yaya, baffanki, yana nan wurina, shi ya ce ba zai iya rubuta miki ba, in rubuta.

Kin san ruwan Doguwa. Bana kuwa ko tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Da Yaya ya kawo adakar, na rasa inda ya fi tsaro sai ƙuryar tsohon ɗakin ƙasa, wanda ba kowa ke shiga ba. Na ɗora ta kan duwatsu, na rufa mata tabarma. Ranar Talata da la'asar ana tsaka da ruwa muna rumfa, sai muka ji ƙara kamar an kayar da kuka. Ɗakin ne ya rufta. Azara ta faɗo a kan adakar ta lotsa murfin, ƙasa ta bi ta danne. Ruwa kuma bai ɗauke ba sai wayewar gari.

Da safe maƙwabta suka zo da shebur da fartanya. Muna cikin tono, laka har gwiwa, sai na ji babur ya tsaya. Ina ɗagowa na ga Yaya yana saukowa, fuskarsa a sake, rabon da in gan shi haka an daɗe. Takardarki ce a hannunsa. Ashe Shamsu ya kai matarsa asibiti Zariya, shagonsa a rufe, takardar ba ta isa hannun Yaya ba sai ranar Litinin. Tun daga ƙofa yake cewa, "Kulsumu, ashe hoto yarinyar nan take nufi! Hoto ne kawai! Fito mini da adakar."

Sai ya ga ɗakin. Ya tsaya. Ya ce, "Ina kika ajiye ta?"

Na faɗa a hankali, bai ji ba. Na sake faɗa, bai ji ba. Amatu, sai da na ɗaga murya, duk unguwa na saurare, na ce, "Yaya, tana ƙarƙashi!"

Ya tuɓe babbar riga ya shiga lakar da ƙafarsa mai ciwo, yana tono da hannu. Maza suka riƙe shi ya fizge. Da aka ciro ta aka ɓalle murfin, ruwan da ya zubo baƙi ne wuluk. Tawadar Malam ce. Yaya ya tara hannu biyu yana tare ruwan, yana zuba ta tsakanin yatsunsa. Ni dai nan na zauna a ƙasa.

Takardun sun manne da juna kamar curin tuwo. Wasu na tsakiya ana ganin rubutu, na sama da na ƙasa sun wanke. Wani ya ce a shanya a rana, Yaya ya hana. Mun shimfiɗa su a inuwa kan zannuwana, shi kuma yana zaune a gefensu tun ranar. Ba ya magana sai sallah. Kunu kaɗai yake sha, shi ma sai na tsaya a kansa.

Ni na ce laifina ne da na zaɓi ɗakin. Shi ya ce nasa ne da ya kawo. Na san ke ma za ki ce naki ne. Ki bar wannan. Idan akwai abin da kuka koya a jami'a na ceton takarda, yanzu ake buƙatarsa. Kada ki jira ƙarshen wata.

Gwaggonki,
Kulsumu

*

Ghana
29 ga Oktoba

Baffana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, abinci kuma ya fara shiga. Gwaggo ta ce ka koma gida, har ka fara zama da ɗalibai. Alhamdu lillahi. Ni tarin da na kwaso a Doguwa ya tafi.

Har yanzu idan na rufe ido ina ganinmu mu uku a rumfar Gwaggo, ina raba takardu da bakin wuƙa, kai kana karɓa, ita tana yi musu fifita. Abin da muka ceto na tarihin bai kai rabi ba, ka sani. Amma sauran littattafan duk hotunansu sun fito tas. Na ba mutane labarin yadda muka iske Malam Nazifi a Kiru ya tara manyan ɗalibai yana karantar da su daga littafin da ka ba shi ajiya, da yadda ka dube su ka ce a bar masa shi a can.

An yi taro, Baffa. An yi kiɗa, an yi jerin gwano, manyan malamai cikin tufafin ƙasashensu. Na ga rubutu daga Tumbutu, na ga na Habasha a kan fata. Da aka zo kaina, shugaban sashenmu ya ba ni shawara in nuna masu kyau kawai, tunda ranar murna ce. Na nuna masu kyan, aka tafa. Daga nan na sa hoton shafukan da suka wanke a babban allo, na faɗi duk yadda aka yi, tun daga wasiƙata. Ba wanda ya tafa. Wani dattijo daga Sanagal ya dafe kai da hannu biyu.

Bayan an tashi wata farfesa ta tare ni a ƙofa. Tsohuwa ce, 'yar ƙasar nan. Ta riƙe hannuwana ta ce su ma tana ƙarama ruwan dam ya ci garinsu a yankin Volta, kuma ba wanda ya rubuta ko sunan gida ɗaya. Ta ce, "Ku kuna da rabi. Mu ba mu da komai." Sai ta tambaye ni yadda Malam ya rufe littafin, me ya ce game da ranar tashi. Na ce shafin ƙarshe yana cikin waɗanda suka wanke. Ta ce to a tambayi waɗanda suka karanta shi tun suna raye.

Wannan karon roƙo nake yi, kuma zan faɗa dalla-dalla. Idan ka ga dama, kai da Gwaggo ku rubuta abin da kuke tunawa na shafukan da suka ɓata, a sabuwar takarda. Takardar ta zauna a hannunka. Hotonta kawai nake so.

'Yarka,
Amatullah

*

Sabuwar Unguwar Hamma
Jimada Awwal

Zuwa ga 'yata Amatu. Aminci da albarka. Ina lafiya, ina cin abinci. An fara dashen albasa. Ki gaida tsohuwar nan da ta riƙe hannunki, ki ce ɗan'uwanta na Tiga yana yi mata jaje.

Kulsumu ta zo ta yi mini sati. Na dama tawada, na fiƙe alƙalami, na zauna da niyyar in zubo littafin daga ka. Na ɗauka yana ƙirjina, tunda tun ina saurayi nake karanta shi. Amatu, na tarar ba haka ba ne. Ban taɓa haddace shi ba, don kullum yana ƙarƙashin gadona. Ina fara jero gidajen unguwar gabas sai na tsaya cak. Akwai gida tsakanin na masaƙa da rijiya, ina ganin ƙofarsa, ina ganin bishiyar da ke gabansa, sunan mai gidan ya ƙi zuwa. Kulsumu ta tuna wasu. Mun aika an ɗauko tsofaffi biyu da suka rage, su ma sun cike wasu. Inda duk muka rasa na bar wurin fari.

Sai shafin ƙarshe da aka tambaye ki. Duk mun yarda Malam ya ambaci ranar, da jakunan, da yadda ya waiwaya ya yi wa makabarta sallama. Layin ƙarshe ne ya raba mu. Ni ina tuna ya rubuta, "Haka muka tashi, muna masu godiya ga Allah." Kulsumu ta rantse cewa ya yi, "Haka aka tashe mu, muna masu kai ƙara ga Allah." Ta ce a gabanta ya rubuta, ita ta riƙe masa kurtun tawada. Ni kuma sau nawa na karanta shi. Muka yi ta musu, ita tana ihu don in ji, har ta yi kuka, ni ma na yi.

Da ta tafi na daɗe zaune da alƙalami. Na gane kowannenmu abin da ke ransa game da ranar yake ji a bakin Malam. Ɗayanmu ya yi daidai, ko kuma duk mun kuskure, wanda zai raba gardamar kuma yana kabari. Ba zan sa wa mahaifina maganar da ban tabbatar ba.

Na rubuta "Haka", na bar sauran layin fari. Shamsu zai turo miki hoton. Kada ki bar kowa ya cike shi, ko da farfesa ne. Duk ɗalibin da ya tambaya me Malam Hamma ya ce a ƙarshe, ki gaya masa 'ya'yansa ma ba su sani ba.

Allah ya yi miki albarka. Ki zo da azumi.

Baffanki,
Ridwan